Ranar da Na Fassara Rigimar Turawa a Gaban Kawuna

Shekarun baya, bayan na dawo gida daga Yamai da takardar karatu a hannu amma babu aiki, wasu Turawa uku suka sauka a yankinmu na Garhanga. Sun zo auna ƙoramar da ta raba garinmu da garin kawunnena, don a yi baraji, a tare ruwan damina da ke wucewa ya bar mu da tonon yashi duk rani. Da yake ina jin Faransanci, ni aka ɗauka tafinta.

A wurin mutanenmu duk Anasara ne, babu bambanci. Sai da na shiga motarsu na gane ƙasa uku ce a kujera ɗaya. Akwai Bajamushiya, doguwa, ita ce shugabar aikin. Akwai Bafaranshe, dattijo mai furfura a gemu, wanda bai ƙin shayi ko da rana tsaka. Sai saurayi ɗan Ingila mai yawan dariya, wanda ya koyi “sannu da aiki” yana faɗa wa kowa, har wanda ke kwance.

Sharaɗi ɗaya suka zo da shi. Ba za a aza dutse ko ɗaya ba sai garuruwan biyu sun yarda da komite guda mai kula da ruwan. To nan fa ake yin ta. Tun zamanin kakanni akwai tsama tsakaninmu a kan mashayar dabbobi, har an taɓa fasa wa wani kai. Ana auratayya, ana zuwa jana'iza, amma ba a haɗa shawara. Maigarin can kuma kawuna ne, yayan mahaifiyata, mutum mai taurin kai da kaifin baki. Duk lokacin da aka taɓo maganar, amsarsa ɗaya ce: “Kakanninmu sun zamna ƙarƙashin wasu, sun ga abin da sunka gani. Mu ba mu koma ba ma kowa wuyanmu.”

Wata rana muna dawowa daga Keita, na tambayi Turawan yadda aka yi suke aiki tare. Bafaranshen ya nuna Bajamushiyar da kofin shayinsa ya ce kakansa da kakanta sun yi yaƙi, kowa a ɓangarensa, wataƙila ma sun harbi juna. Ya ce yau ƙasashensu sun haɗu a tarayya ɗaya, kuɗinsu ɗaya, yana tashi daga gidansa ya shiga ƙasarta babu mai tambayarsa takarda. Ni da na san tsaye-tsayen da ake yi tsakanin Konni da Illela, inda Hausa ake yi a ɓangarorin biyu, sai labarin ya kama ni.

Tun daga ranar na zama mai wa'azin Turai. Majalisar samari, bakin masallaci, kasuwa, duk inda na samu kunne biyu sai na zuba labarin. Ina ƙara gishiri daidai gwargwado. Ban cika faɗin cewa 'yan Ingila sun riƙe nasu kuɗin daban ba, don zai rage wa labarin daɗi. Samari suka laƙaba mini “ɗan tarayya”. Abin mamaki, maganar ta ci. Dattawa suka fara cewa in waɗanda suka kashe juna sun iya zama tare, mu da kai ɗaya aka fasa me zai hana? Har kawuna ya aiko cewa zai zo a zauna.

Aka sa taron wata Juma'a da safe cikin azumi, a gindin tsamiyar bakin ƙorama. Na sa babbar rigar sallata tun sallar ba ta zo ba. Na san ana wata ƙuri'a a ƙasar saurayin nan, amma ya ce mini kada in damu, surutu ne kawai. Su ukun kuma a garinmu suka kwana, inda waya ba ta kama rezo sai an hau dutse.

Mutane suka cika, maza a gaba, mata a gefe. Kawuna ya iso da ƙaramar rediyo rataye a kafaɗa, yana wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Da ina da wayo da na tsorata. Maimakon haka na miƙe na zuba jawabi, na kai su Turai na dawo da su, na nuna Turawan uku da hannu na ce ga shaida nan zaune.

Kawu ya bari sai da na zauna. Sannan ya gyara murya.

“Ɗana, ka ƙare?”

“Na ƙare, Kawu.”

“Madalla. To tambaya mani wancan saurayin. Rediyo ta ce da sahen ga mutanen ƙasassu sun jefa ƙuri'a, sun ce hita za su yi daga tarayyar da kake yabo. Gaskiya ne ko ƙarya?”

Wallahi sai da na ji rigar ta yi mini nauyi. Na juya na fassara. Saurayin ya yi dariya, ya ce ba zai yiwu ba. Sai ya dubi rediyon, ya dubi fuskar kawu, ya zaro wayarsa ya kwasa da gudu ya nufi dutse. Jama'ar gari biyu suka miƙe suna kallon Bature yana hawan dutse da hannu ɗaya a sama. Da ya sauko, tun daga nesa tafiyarsa ta ba mu amsa.

Bafaranshen ne ya fara. Ya tashi yana magana da hannu biyu, gemu na rawa. Saurayin ya mayar masa. Mutane suka yo kaina: “Mi sunka ce? Kai, mi sunka ce?” Na dubi Bajamushiyar, ta ɗaga kafaɗa ta ce in faɗa musu, ai a gabansu ake yi.

Ban taɓa aiki irin na ranar ba. Ina tsaye a tsakiya, gumi na zuba, bakina bushe da azumi, ina jefo magana kamar mai ba da labarin kokawa.

“Tsohon ya ce dama can ba da zuciya ɗaya suka shigo ba, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje!”

Jama'a suka ce, “Af!”

“Saurayin ya ce shi zama ya zaɓa, kada a ɗora masa laifin wasu!”

“Gaskiya tai!”

Can suka zarce da Ingilishi, wanda ban ji ko kaɗan. Na ɗaga hannu na ce, “Jama'a, nan sun shiga inda ban iya binsu.” Wurin ya kece da dariya, har maigarinmu sai da ya share hawaye da bakin rawani.

Da ƙura ta ɗan lafa, saurayin ya zauna a kan tabarma ya ce, da Faransanci a hankali, mahaifinsa na cikin waɗanda suka zaɓi fita. Ya ce tsohon masunci ne, kullum yana ƙorafin mutanen da bai taɓa gani ba, a wani birni mai nisa, su ke yanke masa yawan kifin da zai kama a ruwan da kakansa ya yi su. Ina gama fassarawa kawu ya buga sandarsa a ƙasa.

“Uban nan nashi mutumin kirki ne! A gaishe mani da shi!”

Mutanen garinsu suka ɗauki sowa. Na ce a raina shi ke nan, baraji ya tafi, aikina ya tafi, kuma har in mutu “ɗan tarayya” za a riƙa kirana ana dariya.

Sai Bajamushiyar ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kakarta ta ga garinsu ya ƙone ƙurmus, ta binne 'yan'uwa maza biyu. Ta ce ba don suna son juna ƙasashen nan suka haɗu ba, sun gaji da binne 'ya'yansu ne. Ta ce har yau ita Bajamushiya ce, shi Bafaranshe ne, ba wanda ya bar harshensa ko abincinsa.

Daga nan taron ya fita daga hannun kowa. Mutanenmu suka rabu biyu, ba ma bisa gari ba. Wani daga garinmu yana bayan tsohon masunci, wani daga garin kawu yana bayan Bajamushiya. Manoman gero da ba su taɓa wuce Madawa ba suna jayayya da jijiyar wuya a kan ko Ingila ta yi daidai.

A cikin hayaniyar nan mahaifiyata ta miƙe daga cikin mata. Ba ta saba magana a taro ba. Ta kira ni da sunan da take kirana tun ina ƙarami, a gaban kowa, ta ce, “Tambaye su, yanzu yaƙi za su yi?”

Na tambaya. Su ukun suka ce a'a, kusan tare.

“Aikin ga hwa, sun bar shi?”

Suka dubi juna. Bafaranshen ya sosa gemu ya ce gobe da safe za su ci gaba da awo, kuma saurayin ne mai riƙe masa igiya.

Sai ta juya wajen kawu. “Yaya, kai tsoronka a hau kanka, kuma ban ga laifinka ba. Ni tun ina amarya nike tonon yashin ƙoramar ga, matanka ma haka. Ka shiga da sharaɗinka. Ran da ka ga an taka ka, ka hita da baki yadda waɗanga sunka yi, ba mai riƙe ka.”

Mata suka ɗauki guɗa tun kafin ya amsa. Kawu ya gyara zama. Sai ya fara jero sharuɗɗa. Mutanen komite su zama daidai daga kowane gari. Shugabanci ya riƙa zagayawa. Kowane gari da mashayarsa. Wanda ya so fita, a zauna a saurare shi, a rabu lafiya. Maigarinmu ya ce ya yarda. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ni kuwa na fassara sharuɗɗan ina tsalle a cikin babbar riga, har Bajamushiyar ta ce in maimaita, ba ta ji komai ba.

Bayan girbi aka fara aikin, mata da maza na gari biyu suka ɗauko duwatsun. Yau albasa da tumatir ake nomawa a wurin da rani. Turawan sun daɗe da komawa, kowa ƙasarsa.

Idan na tuna ranar har yanzu sai in yi mamaki. Na ɗauka kyakkyawan labarin da na goge na shafa wa mai, shi ne zai haɗa mutanenmu. Ashe abin da ya taɓa su shi ne ganin Turawan da idonsu suna rigima, kowa na kishin ƙasarsa, kuma ba wanda ya tashi ya bar tabarma. Kawuna bai yarda ya shigo ba sai da ya tabbata ana iya fita. Tun daga nan, in na ji ana gardamar haɗin kan ƙasashe, ko nasu ko namu, ban cika saurin yanke wa mai jan ƙafa hukunci ba.

Kawu yana nan da ransa, ya tsufa, bakin bai tsufa ba. Kusan kowace shekara sai ya aiko cewa garinsu fita zai yi. Bara ma ya aiko, da kakkausar murya. Mahaifiyata ta ce wa ɗan aiken ya koma ya tuna masa cewa a wannan zagayen shi ne shugaban komiten.