Man Lafintar Yaya Asabe da Kwalaben Tanko

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Asabe, kuma da mamaci na leƙo duniya, ba zan so ta leƙo unguwar Sauka Kahuta ba.

Malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a nan Minna. Da aka tura su kwas ƙasar waje, abokan tafiyarta atamfofi suka lodo, ita kuwa 'yar kwalbar man wani fure mai ƙamshi da ake kira lafinta ta riƙo. Takan ce sinadarai biyu ne suka fi yawa a cikinsa, linalol da linalil asitet, su ke ba da ƙamshin, su ke kwantar da hankali. Ranar da man suya ya fallatso mini a hannu, sai da na daɗe da hannun cikin ruwan sanyi, sannan ta gauraya ɗigo ɗaya da man kwakwa ta shafa mini.

"Iyakarsa ke nan, Ladi," in ji ta. "Ƙaramar ƙuna, ciwon kai, rashin barci. Kuma ba a sha."

Yau ƙanen mijinta, Tanko, wanda ko sunayen sinadaran nan ba zai iya furtawa ba, ya kafa teburi da lasifika a Sauka Kahuta yana sayar da wani mai da ya rina da shuɗi da sunan lafinta, alhali na gaskiyar kusan ba shi da launi. A jikin kowace kwalba ya manna "Haɗin Malama Asabe". Wai yana maganin hawan jini, ciwon suga, har rashin haihuwa. Cokali biyu da safe!

Maƙwabciyata Maman Talatu ta yarda, don ta san Asabe ba ta ƙarya. Ta ajiye ƙwayoyin hawan jininta na asibiti ta koma shan abin nan. Yanzu rabin jikinta ya shanye.

Na same shi a teburinsa na ce, "Tanko, faɗa mini abu ɗaya da ke cikin man nan."

Ya washe baki. "Haba Anti, ai sirrin gida ne."

Sirrin gida! Matar da ta ƙare rayuwarta tana bayani a gaban allo.

Asabe ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba. Gaskiyarta ta bari, ita ce kuma Tanko ke ɗurawa a kwalba. Shi ya sa kowace safiya nake ɗaukar kujerata in zauna daura da teburinsa. Duk matar da ta miƙa hannu, sai in ce, "Ni ce ƙanwar mai sunan. Zo in kai ki ki ga Maman Talatu tukuna."