Madacin da na jiƙa wa ɗiyata

Damina ce, gero ya fara fid da kai, a shekarar da aka kafa Shari'a. Lokacin kowa a Ƙaura ya zama malami. Ko gishiri ka je roƙo sai an haɗa maka da fatawa. Ni damuwata ba ta kai ta gaban alƙali ba. Ɗiyata ta biyu, 'yar aji huɗu, ta mai da faratanta abin ci. Babban yatsanta na dama ya kumbura har ya tara ruwa, fensir ya gagare ta riƙewa, ga jarrabawa saura mako uku.

Na yi lallashi, don ni ban iya faɗa ba. Na yi alkawarin ɗan kunne. Maƙwabciyata ta shigo ta yi mata wa'azi mai tsawo, yarinyar ta saurara cikin ladabi, da yatsa a baki.

Sai yayata ta zo daga Zurmi da ɓawon madaci ƙulle a bakin zane. Ta ce a jiƙa, a riƙa tsoma mata yatsun safe da rana, ɗacin zai hana ta. Muka yi. Abin da mu manya masu hankali muka manta shi ne, ita ke dama wa babanta fura in ya dawo gona, kuma da hannu take marmasa curin.

Ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye ludayi a hankali.

"Wa na yi wa laifi a gidan nan?"

Yaya ta yi masa bayani tana danne dariya. Ya juya ga yarinyar. "Ke, wa ya koya miki wannan ɗabi'a?"

Kallona kawai ta yi. Ina tsaye bakin ɗaki, littafina na ajin yaƙi da jahilci a hammata, babban yatsana tsakanin haƙora.

Yaya ta kamo hannuna ta ɗaga sama. "Sannu, Malama. Mutane na tsoron a yanke musu hannu, ke kina cinye naki kaɗan-kaɗan, ba alƙali ba shaida."

Tun da na shiga ajin nan, duk kalmar da ta cije mini a farce nake hucewa. Kullum bayan la'asar kuma yarinyar na zaune kusa da ni a tabarma tana gyara mini rubutu. Ita ta koya mini baƙaƙe, ni na koya mata wannan. Uwa ai ba ta rasa abin da za ta ba ɗiyarta.

Washegari da safe na jiƙa sabon madaci, na kira ta, na tsoma yatsuna goma tana kallo, sannan na tura mata kwanon. Furar ranar, Yaya ce ta dama.