Fim ɗin da Mai Guga Bai Gane Ba

Mai Guga ake ce masa a layinsu, har matarsa ma in za ta yi wa baƙo kwatance sai ta ce, "Ka tambayi gidan Mai Guga." Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene: tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo, dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi, sai igiyar rataye riguna. Ba shi da yawan magana. Fim kuwa, cewa yake yi ƙarya ce aka yi wa kwalliya.

'Yarsa ɗaya ce tal, kuma da sikila aka haife ta. Saboda yawan kwanciya asibiti ta haddace sunayen magungunanta kaf, shi ya sa aka laƙaba mata Likita. Ta zama budurwa, amma rabin karatunta a kan gado ta yi shi. In ciwon ya lafa sai ta jingina da matashi, ta ɗora tsohuwar kwamfutar da kawunta ya bar mata a cinya, ta yi ta kallon finafinan nan masu juya wa mutum ƙwaƙwalwa.

Akwai wanda ta fi so. Labarin wani gari ne na zamani mai zuwa, inda mutum zai je shago ya ajiye jikinsa, ya ari wani ya sa. Wata mata ta dawo karɓar nata, aka ce ai an riga an zo an karɓa. Ta shiga farautar ɓarauniyar, ana farautarta ita ma, har mai kallo ya rasa wace ce mai jikin ta gaskiya.

Wata ranar hutu Likita ta tsare ubanta. "Baba, yau sai ka zauna. Ko rabi ne."

Ya zauna a bakin gado yana kallo yana yamutsa fuska. Can ya ce, "Wannan ai laifin mai shagon ne. Ya za ka ba da kayan mutum ba ka san fuskarsa ba?"

Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. "Baba, fuskar ce fa aka sace!"

Daga ranar ya zama duk mako sai sun zauna. Takan tsayar da fim ɗin ta yi masa bayani, ya gyaɗa kai, in an ci gaba ya sake ɓacewa. Ba su taɓa kaiwa ƙarshe ba: ko gyangyaɗi ya kwashe shi, ko mai kaya ya yi sallama a ƙofa.

Rannan ana ruwa, ta tsayar da fim ɗin ta ce, "Baba, da kai ne, wane jiki za ka ara?"

"Nawa ya ishe ni."

Ta daɗe tana kallon taga. "Ni da zan samu ko na wuni ɗaya, cikin ruwan nan zan fita in yi ta gudu. Da yamma in mayar musu da abinsu, wallahi ba zan riƙe ba."

Ya ja bargo ya rufe mata ƙafafu.

Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Ciwon ya tashi a ƙirji, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

Bayan an watse daga zaman makoki ya koma shago, amma ba kamar da ba. Sau biyu yana ƙona rigar mutane, shi da bai taɓa yi ba. Wata azahar ya rufe shagon, ya shiga ɗakinta, ya roƙi matarsa ta kunna masa kwamfutar. Ya kalli fim ɗin har ƙarshe shi kaɗai. Da ya fito ta tambaye shi, "To, ta samu jikin nata?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Sun ƙi faɗa."

Da shekara ta zagayo, kawun Likita ya zo da labarin an yi kashi na biyu, ana nunawa a silima. Mai Guga ya goge rigarsa mai kyau, ya ce wa matarsa ta shirya. Dukansu ba su taɓa shiga irin wurin ba. Ga duhu da rana tsaka, ga ƙara har cikin ciki, ga na'urar sanyi tana busawa. Ba a jima da farawa ba matar ta matso ta raɗa masa, "Malam, sanyin nan ya yi yawa, ba zai yi mata kyau ba." Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta toshe shi da mayafi. Ya kama hannunta, suka zauna a haka har aka kunna fitilu.

A waje samari da 'yan mata sun yi cincirindo suna gardama, kowa da tasa fassarar, ana ta ihu ana tafawa. Ya tsaya a gefe yana saurare, kamar yana neman wata murya a cikinsu. Matarsa ta yi gaba abinta. Motar layinsu ta zo ta wuce, babu wanda ya ɗaga mata hannu. Da ya cim mata, sai kawai suka kama hanya a ƙasa.