Saƙon Rigakafin Bijimin Kawu

Ban daɗe da kama aiki a ofishin ƙungiyar ba Kawu ya zo mini da wata tambaya da na kasa amsawa.

Ƙungiya ce ta manoma da masu kiwo, ofishinta ɗaki biyu a cikin garin Daura, bayan wani shagon teloli. Aikina shi ne kula da manhajar da ke aika wa 'yan ƙungiya saƙon tes: ranar da taki zai iso, da ranar da malaman dabbobi za su shiga wane ƙauye yin rigakafi. Ba ni na haɗa ta ba. Wani saurayi ne ya rubuta ta kafin zuwana, ya samu aiki a Legas ya tafi, ya bar mini tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur da lambar wayarsa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yana zaune a wani ƙauye gaba da Zango, dab da iyaka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da wani abu ba sai Uwata. Matarsa kuwa, wadda muke ce wa Inna, Surukata take ce mini tun ina rarrafe. Kawu ba ya karatun boko. Inna ce ta yi ajin yaƙi da jahilci, ita ke karanta masa duk abin da ya shigo wayarsa.

Ranar da ya zo, ana gab da saukar damina, zafi ya kai maƙura. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake babu mai cirewa a ofishin, ya zauna a kan benci, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

Ya ce, "Uwata, jan bijimin nan ya mutu."

Bijimai biyu gare shi na huɗa. Na san abin da rasa ɗaya yake nufi ga mai gonar gero a wannan lokaci na shekara. Na yi masa jaje, na tambayi abin da ya same shi. Ya ce ciwon huhu ne. Malaman dabbobi sun shiga yankinsu tun farkon bazara, kowa ya kai shanunsa gindin tsamiyar kasuwa aka yi musu allura, shi kuwa ranar ya kora nasa can wajen fadama neman ciyawa, bai ji labari ba sai da suka tafi.

"Maƙwabta sun ce saƙo ya shigo musu daga wurinku. Innarku kuma ta rantse ba ta ga komai ba. Na ce mata ko dai ta goge shi cikin tarkacen talla da take gogewa. Tun ranar gidan babu daɗi." Ya ɗago ya dube ni. "Ke ce a kan injin. Kun aiko mini ko ba ku aiko ba?"

Na ce masa ya ba ni ɗan lokaci. A raina abu ne mai sauƙi. Kowace manhaja tana rubuta wa kanta bayanin abin da take yi yayin da take aiki, layi bayan layi, abin da masu sana'armu ke kira log. Wurin da ake zuwa ke nan idan ana son sanin me ya faru jiya ko watan jiya. Na jawo kujera na buɗe shi, Kawu na zaune a bayana.

Na fara karantawa daga sama. Layi ɗaya ne ya cika ko'ina, da Turanci, ma'anarsa "ina aiki". Manhajar tana rubuta shi kowane ɗan lokaci, ko tana yin wani abu ko ba ta yi. An kuma ƙayyade girman fayil ɗin, idan ya cika sai sabo ya ture tsoho. Wannan surutu marar amfani ya cinye mafi yawan abin da aka rubuta ranar aika saƙon rigakafin. Sai ɗan guntu ya rage daga ƙarshe.

A cikin guntun akwai layuka masu cewa "an aika", jere reras, babu wanda ya faɗi wa aka aika wa. A tsakaninsu, jefi-jefi, akwai masu cewa "an samu kuskure". Wane irin kuskure, a kan saƙon wa, an sake gwadawa ko an haƙura, babu ko kalma. Na duba lokacin da ke gefen layukan ko zan kama wani zare daga nan, sai na tarar wasu na ɗauke da shekarar da ko ƙungiyar ba a kafa ba. Ashe batirin agogon kwamfutar ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta aka tayar da janareto sai agogon ya koma baya can.

Kawu ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Ina dubawa, Kawu."

Aka kira azahar, ya tafi masallaci. Na buɗe rubutun manhajar kanta ina bin sa a hankali, nan na ga babbar matsalar. Layin nan na "an aika", ana rubuta shi ne kafin ma a miƙa saƙon ga kamfanin da ke isar da shi. Wato ko da na ga lambar Kawu a gefensa, niyya kawai zai nuna mini.

Na kira saurayin na Legas. Ya ɗauka cikin hayaniyar motoci, ya saurare ni da ladabi.

Ya ce, "Wallahi Anti, lokacin cikin gaggawa aka yi abin, an ce a gama kafin rabon taki. Na yi niyyar komawa kansa, ban samu dama ba."

"Kuskuren da yake faɗi, na mene ne?"

"Zai iya zama sabis ne ya yanke. Zai iya zama lambar ce aka shigar ba daidai ba. Ko kuɗin saƙon ne ya ƙare a tsakiya. Duk wuri ɗaya na tara su."

Ban iya yi masa faɗa ba. Ya faɗi gaskiya, kuma faɗan ba zai dawo da layi ko ɗaya ba. Na kira kamfanin saƙon, wata mata ta gaya mini ba sa ajiye rahoton isar saƙo ya daɗe haka, na wancan lokacin an riga an share. Shugaban ƙungiyarmu, wani dattijo mai sanyin hali, ya leƙo ya ƙara mini wata: ƙauyukan bakin iyaka wayoyinsu kan kama sabis na Nijar, saƙo yakan maƙale ko ya ɓace. Hanyoyin ɓacewar saƙon suka yi ta ƙaruwa a gabana, ba ni da abin da zan rufe ko ɗaya da shi.

Da Kawu ya dawo, amsa mai sauƙi tana bakina. Zan iya cewa ba mu aika ba, laifin injinmu ne, ya koma gida ya ba Inna haƙuri. Zan iya kuma cewa mun aika, in wanke ofishin da ke ba ni albashi. Ya zauna yana jira, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Na ce, "Kawu, ban sani ba. Injin bai rubuta ba."

"Bai rubuta an aiko ba, ko bai rubuta ba a aiko ba?"

"Duka biyun."

Ya juya hularsa a hannu. Sannan ya ce, "To me yake rubutawa?"

Na rasa yadda zan fassara masa cewa "ina aiki" kawai yake ta rubutawa. Na ce masa dai ta yiwu saƙon bai taɓa barin ɗakin nan ba, kada ya ɗora wa Inna. Ya ce ya ji. Na raka shi tasha, ya shiga motar Zango, ya zauna a tsakanin wata mai buhun ƙuli da wani mai jarkoki, bai waiwayo ba.

Makonnin da suka biyo baya na zauna na gyara abin da zan iya. Na sa aka canza batirin agogo. Na kashe layin surutun nan. Kowane saƙo na ba shi lambarsa, a bi shi da ita tun daga shirya shi, zuwa miƙa shi, zuwa amsar da kamfani ya dawo da ita. Kuskure ya zama dole ya faɗi irinsa da inda ya faru, mai tsanani kuma ya buga mini waya nan take. Lambobin wayar mutane na rufe tsakiyarsu, don ba kowa ya kamata ya gani ba. Na sa ana kwafe komai zuwa wani wuri kafin a share. Shugaba ya yi ta sa mini albarka. Ni kuwa ina yi ina jin babu ɗaya daga cikin gyaran nan da ke da amfani ga mutumin da ya sa na fara.

Kawu ya haɗa bijiminsa da na wani maƙwabci suka yi huɗa bi da bi, tasa gonar ta zo daga baya, shukar ta makara. Da kaka na je ƙauyen. Geron bai kai na bara ba, amma an samu na ci. Na lura in saƙo ya shigo, Kawu kan sa wayar a aljihu ya nufi wurin mai shagon cajin waya don ya karanta masa. Inna ta ce mini idonta ne ke damunta da ƙananan rubutu, ban ja maganar ba.

Muna zaune a tsakar gida tana sheƙar gero, ina riƙe mata ƙwarya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Surukata, injin naku har yanzu bai gano ba?"

Na ce, "Ba zai gano ba, Inna. Abin ya riga ya goge."

Ta gyaɗa kai, ta ɗaga faifai sama tana jiran iska ta taso. Ta ce in matsa gefe kada ƙaiƙayi ya shiga mini ido.