Inda Na Zaunar da Baba

Mahaifina, Malam Sama'ilu, bai taɓa kiran yayana da sunansa ba. Kamaruddeen ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu, can tsakanin Bici da Shanono inda gonar wani ke jingine da dangar wani, dattijon kirki ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa a gaban jama'a, ba ya ma zura masa ido. In Baba zai aike shi, ni yake kira: "Zulai, ce wa yaron nan ya ɗauko fartanya." Alhali yaron nan yana tsaye a gabansa, gemu har ya fara tsiro masa. Mu da muka yi boko dariya abin yake ba mu, amma a wurin Baba da Inna ba abin wasa ba ne.

Baba manomi ne. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani ya gangara fadama ya yi albasa. Dogo ne, baƙi, marar yawan magana, kuma duk garin an san shi da abu ɗaya: ba ya zama. In an yi gayya aka kawo fura, kowa ya nemi inuwa, shi a tsaye yake shan tasa ya koma kan kunya. Ƙwallo kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya kan ce ƙattai ashirin da biyu su bar aiki su bi fata ɗaya, in ba rashin abin yi ba mene ne? Ranar da Yaya Kamal ya bar awaki suka shiga waken maƙwabcinmu saboda ƙwallo, da lauje Baba ya farke ta. Ina ƙarama, amma har yau ina tuna ƙarar iskar da ta fita.

Shekara huɗu ke nan da gwiwoyinsa suka ƙi shi. Sanyin ƙashi ne, in ji likita. Aka yi na asibiti, aka yi na gargajiya, shiru. Mutumin da ke wuni a tsaye ya koma sallah a zaune. Tsayuwarsa duka ba ta wuce Fatiha da ƙaramar sura, daga nan sai ƙafafun su ɗauki rawa. Ga kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Da rana yana gani daidai gwargwado, amma da zarar rana ta faɗi, wanda ya wuce taku goma ya ɓace masa.

A cikin waɗannan shekarun ne Yaya Kamal ya zama golan kwalejinmu, inda ni ma nake karatu. Samarin gari su dawo daga kallo su tsaya a ƙofar gida: "Malam, yau fa ɗanka ya hana su sakat!" Baba ya kau da kai ya ce, "Wajenku kuwa an samu ruwa jiya?" Amma ni na lura ba ya korar su, kuma ba ya shiga gida sai sun gama labarin.

Ranar wata Talata da yamma ina shafa masa man zafi a gwiwa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Filin nan na makarantarku, akwai wurin zama?"

Na ɗago. Na san ranar Asabar ne wasan ƙarshe na cin kofi da wata kwaleji, kuma shi ne wasan Yaya na ƙarshe, don ya gama karatu, an tura shi koyarwa can nesa, ya ce ya ajiye ƙwallo.

"Akwai, Baba."

"Wurin da mutum zai zauna ya gani, ba a gan shi ba?"

"Baba, in ka je ai gaba za a sa ka."

"To ba na so. Kada a faɗa wa kowa. Shi ma yaron nan kada ya sani." Sannan ya ce, "Idon nan ba na jin zai kai baɗi, Zulai. Sau ɗaya dai nake so in ga abin da ake cewa yana yi."

Na ce masa ya bar mini komai.

Washegari na fasa shiga aji na tafi filin. Na sami Malam Ja'afaru mai kula da shi yana zuba farar ƙasa a layi. Dole na faɗa masa gaskiya, na kuma haɗa shi da Allah ya rufa mini asiri. Ya buga cinya ya ce, "Mahaifin gola? Ai kujerar gaba zan ba shi a rumfar manya!" Na ce, "Malam, mai lasifika duk wanda ya zauna a gaba sai ya faɗi sunansa da na garinsu. Baba ya ji haka, da rarrafe zai bar wurin."

Muka zagaya. Dakalin siminti na can ɗaya gefen yana da tsayi, daga samansa ana ganin komai, amma matakala goma ce, babu abin dafawa, ga rana a fuska tun daga la'asar. Na ƙirga su na san Baba ba zai wuce ta biyu ba. Bayan raga akwai benci, kusa ƙwarai, har numfashin gola za ka ji. To amma nan Yaya na waiwayowa zai gan shi, kuma bayan hutun rabin lokaci za a sauya gida, Yaya ya koma ragar can ƙarshen fili. Na koma rumfa ina bin kujerun ɗaya bayan ɗaya, ina zama ina tashi, har Malam Ja'afaru ya ce ko kujerar aure nake zaɓa.

A layin ƙarshe, can kusurwa, jikin ginshiƙi, na samu wadda nake nema. Taku ɗaya ake hawa. Akwai inuwa. Famfo na kusa don alwala, adaidaita sahu na iya zuwa har ƙofar baya ta sauke shi. Na zauna na duba dama, ga raga tas. Na duba hagu, ga ɗayar. Na yi hamdala, na sa Malam Ja'afaru ya ɗaure kujeru biyu da igiya a jikin ginshiƙin. Na fita ina jin babu mai wayona a duk kwalejin. Abin da bai faɗo mini a rai ba shi ne, a lokacin babu kowa a filin. Ni da nake kallo a tsaye cikin 'yan mata tun shigowata makarantar, ban taɓa zama a bayan kowa ba.

Ranar Asabar Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta zuwa kasuwa don kada ya ɗauki ido, ya ce wa Inna zai raka ni makaranta. Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Muka iso tun kafin jama'a, ya yi la'asar a kan kujerar. An ce ƙarfe huɗu za a fara, amma aka tsaya jiran manyan baƙi har kusan biyar. Ni dai rana nake ta duba.

Da aka busa usur kowa na zaune, Baba ya miƙa wuya. Ya ce, "Wanne ne?" Na ce, "Mai koriyar riga, can cikin raga." Ya ce, "To." Yaya na tsaye kawai, ƙwallo na tsakiya. Can sai 'yan ɗaya kwalejin suka taso da ita, suka nufo ragarmu, rumfa gaba ɗaya ta miƙe tsaye. Ihu ya tashi, aka yi tafi, aka zauna.

"Me ya faru?"

"Ya kama, Baba."

"Ta yaya ya kama?"

Ni ma bayan mutane kawai na gani.

Haka aka yi ta yi. In ƙwallo na tsakiya, kowa na zaune, Baba na ganin 'ya'yan mutane na gudu. Da ta doshi Yaya, sai bayan riguna su tokare mu. Ya ga kowa a filin nan ban da abin da ya zo gani. Ya ce in riƙe shi. Ya dafa sanda, ya dafa kafaɗata, kafin ya gama miƙewa an gama, an zauna, shi kaɗai ne a tsaye yana haki. Sau uku muka yi haka. A na huɗu gwiwar dama ta lanƙwashe, ya faɗa kan kujera, na ji ya ce "Innalillahi" can ƙasa-ƙasa.

Na taɓa bayan saurayin da ke gabanmu. "Don Allah ɗan'uwa, ku riƙa zama, tsoho ne ba ya iya tsayuwa." Ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri Baba," ya zauna. To shi kaɗai zai yi me, layi huɗu ne a gabansa? Na bi su ina roƙo, ina don Allah don Annabi. Wani mai baƙin tabarau ya ce, "Malama, in zama yake so ai da ya zauna a gida." Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ce, kai marar kunya, ka san ko waye wannan? Baba ya damƙe mini wuyan hannu har sai da na ji zafi.

A hutun rabin lokaci na durƙusa a gabansa. "Baba, ka bari in yi wa Malam Ja'afaru magana a mayar da kai gaba. Zan hana mai lasifika faɗa."

"Mutanen garinmu na can gaba. Su gan ni na zo na zura wa ɗan fari ido? A'a."

"To benci na bayan raga."

"Ya gan ni? A'a, Zulai. Zauna."

Na zauna ina cizon yatsa. Ni na kawo shi nan, ni na ɗaure kujerar da igiya.

Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka ce bugun fenariti ne zai raba. Rana ta yi ja, ta sauka kan itatuwan bayan fili. A ragar da ke kusa da mu za a buga, da a ce babu kowa a gabanmu da Baba ya ga komai. Amma yanzu ba tsayuwa kawai ake ba, hawa kan kujeru aka yi. Muna zaune a ƙasa kamar waɗanda suka faɗa rijiya, daga ihu muke gane wanda ya ci. Na leƙa ta tsakanin ƙafafu ina faɗa masa: mun ci, sun ci, mun ci. Har aka zo na ƙarshe. Mai lasifika ya ce in golanmu ya tare wannan, kofi ya zama namu.

"Ɗaga ni," in ji Baba.

Na sa hannu a hammatarsa, na ja iya ƙarfina. Ya taso kaɗan ya koma. Na sake. Ƙafafun ba su ma motsa ba, zufa na zuba a fuskarsa. Filin ya yi tsit, ana jiran usur. Sai na ga ya ɗaga sanda ya maka wa ƙafar kujerar da ke gabanmu, ya buɗe murya irin wadda rabona da jin ta tun yana kiran mutane daga ƙarshen gona:

"Ku zauna don girman Allah! Ɗana ne! Kamaruddeen ɗana ne, ku bari in gan shi!"

Na gabanmu suka waiwayo. Wani ya ce, "Kai, baban Kamal ne! Ku sauka!" Aka fara dirowa daga kujeru, wannan na jan rigar wannan, har mai baƙin tabarau na tura mutane. Layi ɗaya ya buɗe, na biyu, na uku. Saura biyu, na hango saman raga, sai filin ya ɗauki ihu gaba ɗaya.

Ya tare. Baba bai gani ba.

Samari suka tsinke igiyar suka ɗauke shi da kujerar ɗungurungum suka kai shi bakin fili, suna waƙa. Mai lasifika ya faɗi sunansa da na garinmu har sau uku. Baba ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da hannun riga. Yaya ya ture masu ɗaga shi, ya taho da gudu, ya cire safar hannu, ya tsugunna.

"Baba, sannu da zuwa. Baba, ka gani?"

Ni na amsa, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. "Bai gani ba, Yaya. Ko ɗaya bai gani ba. Ni na zaunar da shi a baya."

Yaya ya miƙe, ya mayar da safar, ya kira wani abokin wasansa ya ce ya ɗauko ƙwallo. Jama'a sun bi kofi can wajen rumfa, wasu sun nufi masallaci don an fara kiran magariba. Ya shiga raga ya ce, "Buga da ƙarfi." Aka buga, ya yi tsalle ya faɗi da ita a ƙirji. Ya tashi ya ce a sake. Ya faɗi dama, ya faɗi hagu, a kan ƙasar da ko ciyawar kirki babu. A na biyar na ga jini a gwiwar hannunsa, ya kuma cewa a sake.

Baba ya ɗaga hannu. "Ya isa haka. Na gani. Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya zauna a cikin raga ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ni ina tsaye a jikin kujerar Baba. Rana ta riga ta faɗi, kuma tsakaninsa da ragar ya fi taku talatin. Duk bugun nan biyar, fuskar Baba na kallon wajen tutar kusurwar fili ne, inda babu kowa. Ban faɗa wa Yaya ba, har yau.