Malam Halidu da Tsororon Tiya

Ranar Alhamis, 6 ga Maris 2025, da hantsi, ina buro, wurin aikina, a Maradi Suwaiba ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi ran mahaifinta, Malam Halidu Alhusaini, a gidansa na Dakoro, bayan jinyar wata biyu. Na Allah muke, wurinSa za mu koma. Ban samu jana'iza ba, zaman makoki na tarar, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Baba, kai aminin mahaifina ne, a hannunka na girma. Shekara talatin da ɗaya kana yawon kasuwanni, daga Dakoro zuwa Birnin Lalle da Mai Yara, kana rubuta farashin hatsi da wake kana aika wa buronku. Karatunka bai wuce kolej ba. Ni kuwa na je har na yi daktora kan tattalin arziki, na dawo ina jin kaina, ina ganin ba abin da za ka ƙara mini.

Akwai wata gidauniya da ke ba matasan masana tattalin arziki tallafin bincike na shekara biyu. Ɗaruruwa ke nema, goma sha biyu ake ɗauka, kuma wanda ya wuce shekara biyar da gama daktora ba ya cikin lissafi. Sau biyu na aika dosiye, wato takardun neman tallafin, sau biyu aka ba ni haƙuri. Bara ce shekarata ta biyar. Na riga na faɗa wa maigidana cewa in na sake faɗuwa zan aje bincike gaba ɗaya in nemi aikin banki, kuma da gaske nake.

Da farkon damina na zo gida suna, na biyo gaishe ka da dosiyena mai shafi talatin. Gaskiya yabo na zo nema. Ko buɗe shi ba ka yi ba. Ka ce in faɗa maka da Hausa, yadda Inna Uwale, matarka, da ke gefe tana tsintar wake za ta gane. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce ina son in gano abin da ya sa farashin hatsi a kasuwanninmu ba ya hawa da damina kamar yadda ƙarancinsa ya kamata ya sa.

Ka ce, "Ɗiyata, tiyar da kike lissafi da ita, wace tiya ce?"

Na ce tiya ai tiya ce, kwanon awo, kilo biyu da rabi, haka yake a takardu. Inna Uwale ta yi dariya har ta aje faifai. Raina ya ɓaci, na tashi ko furar da aka dama mini ban sha ba. Allah Ya yafe mini, na san halina.

Ranar kasuwa sai ga ka a ƙofar gidanmu da sandarka, kamar ba abin da ya faru. Ka kai ni layin masu awo, wurin wata dattijuwa Umma Habi, ka sayi tiya ɗaya. Ta cika kwanon, ta shafe bakinsa da tafin hannu. Da muka matsa ka ce mini da kaka ba haka take yi ba, takan kewaye bakin tiya da hannu hatsi ya yi tsororo. Ka ce ba cuta ba ce, kowa na gani da idonsa. Nauyi take ji ta ce wa maƙwabciyarta kuɗi ya ƙaru alhali ta san rumbun maƙwabciyar ya ƙare, sai ta bar farashi yadda yake ta rage tsororon. Ashe tsadar tana nan, takarda ce ba ta ganinta. Ka ce sau biyu ka rubuta wa manyanka wannan magana tun kana aiki, aka ce maka fom ba shi da gurbinta.

Na ji kunya a ranar irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara biyar ina gini a kan lambar da kowace mace a layin nan ta san ba haka take ba.

Daga nan ka riƙe ni ba sassauci. Na sayi ɗan ma'auni, muka auna tiya arba'in da damina, arba'in da kaka, a kasuwa uku. Ka hana ni auna hatsin kowa a gaban masu saye, sai mu saya mu koma gefe. Ka sa na rage shafi talatin suka koma takwas, tambaya ɗaya tak. Duk abin da ba zan iya gamawa a shekara biyu ba ka ce in cire, ko da shi na fi so. Malamaina biyu da za su rubuta mini takardar shaida, ka ce ba a aika wa babba saƙon waya, in je da ƙafata tun da sauran wata guda. Na yi guna-guni, amma na je.

A watan Janairu, kana kwance, 'yan juri, masu tantance dosiye na gidauniyar, suka yi mini tambayoyi ta ordinater, wato kwamfuta. Wata farfesa ta ce me zai sa su yarda awon yana canzawa. Na nuna mata hoton tiyar Umma Habi ta damina da ta kaka, da nauyin kowace. Ta duƙa tana rubutu.

Ranar 11 ga Fabrairu amsa ta zo, an ɗauke ni. Na kira, Suwaiba ta kara maka waya a kunne. Ka ce, "To, ashe sun ji." Sai ka tambaye ni ko na je na yi wa masu awo godiya. Na ce sai ka warke mu je tare. Ka ce kar in jira ka.

Na jira, Baba. Sai bayan addu'ar uku na je ni kaɗai. Umma Habi ta riƙe hannuna ta ce duk cikin masu takarda da ke zuwa kasuwa, kai kaɗai ne ke zama ƙasa kafin ka tambaye su. A nan na yi kukan da ban yi a gida ba.

Inna Uwale, Suwaiba da 'yan'uwanki Amiru da Harisu, da sauran dangi na Dakoro da Birnin Lalle, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙan Baba Halidu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa azumin da ya rasu a cikinsa ya cece shi. Allah Ya sa abin da ya koya mini ya zame masa sadaka mai gudana, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Haula Mahamadu, Maradi