Hayaƙin Janareto da Hanyar Moriki

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙaura, ni da mahaifiyarmu, muka nufi Shinkafi. Saƙo ne ya iso cewa ƙanena, direban motar haya, yana kwance a asibiti. Inna ta riƙo kwalbar manja da ƙwaryar nono, don a wajenta babu gubar da ta gagari waɗannan biyun.

Damina ta cinye hanya, mota sai tsalle take yi. Gero kuwa ya yi kyau, har ya fi mutum tsawo. Tun da aka fara shari'a an raba mazauni, saboda haka aka kai Inna baya cikin mata, ni aka matse ni gaba da wani mai albasa da ya yi ta kukan tsadar mai har muka sauka.

A asibiti na ji yadda abin ya faru, na rasa dariya zan yi ko faɗa. Da aka rufe gidajen kallo, sai shi da abokansa suka koma kallon bidiyo a ɗaki. Don kada 'yan hisba su ji ƙara, suka shigo da janareto ciki, suka toshe taga da tsumma. Maƙwabta ne suka fasa ƙofa da la'asar suka same su a sume.

Mun tarar da shi zaune yana cin ƙosai. "Lahiya lau nike, Inna," in ji shi. Duk da haka sai da ta ɗura masa manja.

Ni dai tambaya ta yi min yawa, na tsare likita. Ya ce gubar da ke cikin hayaƙin ba ta wari, tana shiga jini ta hana ƙwaƙwalwa iska. Idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni, akwai wani sinadari da ke tsiyayowa daga cikinta zuwa jini, a auna shi a san girman ɓarnar. Abin ya ba ni mamaki, wai jini ya ba da labarin kai. Na ce a auna mana. Ya ce ba su da kayan aikin, sai dai mu sa masa ido, domin wani yakan tashi garau, mantuwa ta biyo baya. Kafin nan kada ya taɓa sitiyari.

Da aka sallami ƙanena muka kamo hanyar gida, sai na riƙa jan shi da hira. Farashin taya, sunayen 'yan kamasho, rikicinsa da wani direban Zurmi, duk ya kawo su daidai. Hankalina ya fara kwanciya.

Muka tsaya Moriki. Nan yake karyawa kullum, shekara da shekaru. Mai shayin ya hango shi ya yi ihu, ya haɗa masa irin nasa ba tare da ya tambaya ba. Ƙanena ya karɓa, ya yi godiya cikin ladabi kamar baƙo. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, wane gari na wanga?"

Na ce masa Moriki ce, ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan shayinsa.

Mun iso Ƙaura bayan la'asar, Inna tana ta shaida wa maƙwabta cewa manja ya yi aiki. Tafiyar nan ta koya min cewa farfaɗowa daban, warkewa daban. Jibi zan kai shi babban asibiti a Gusau. Makullin motarsa yana aljihuna, kuma har yanzu bai tambaye ni ba.